Wai Kiɗan Shaiɗanu Ne: Martani Ga Masu Zagin Rok Da Metal

Akwai shari'ar da ake yankewa a ƙasar Hausa ba a kira shaida ba, ba a kuma ji ta bakin wanda ake tuhuma ba. Da zarar ƙarar jitar lantarki ta fito daga wayar wani saurayi a fada, an gama magana: kiɗan shaiɗanu ne, kiɗan ƴan ƙwaya, haukan Turawa. Mai faɗar haka zai faɗa yana kaɗa yatsa, amma ka tambaye shi sunan faifai ɗaya da ya taɓa saurara daga farko har ƙarshe, sai ya shiga kame-kame. Hoton bangon faifai ya gani, ya ga gashi har gadon baya, da baƙaƙen tufafi, da ƙoƙon kan mutum, shi ke nan ya zama alƙali. Duk abin da ya sani game da jita, jita-jita ce.

Bari in ware wanda nake magana da shi tun da wuri. Mutumin da ya ce shi ba ya sauraron kiɗa kowane iri saboda abin da ya fahimta a addininsa, ba da shi nake ba. Ya tsaya a kan magana ɗaya, ya riƙe ta, kuma ina ganin girmansa. Rigimata da wanda wayarsa ke maƙare da nanaye da waƙoƙin Indiya da na ƴan takara, wanda ba a bikin da zai wuce bai taka rawa ba, sannan ya juyo ya ce nawa kiɗan ne na ɓatattu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne wannan: faya-fayan rok da metal da na fi so sun fi faɗa wa masu mulki gaskiya, sun kuma fi tsaya wa talaka, a kan mafi yawan abin da muke rawa da shi a yau. Zan kawo biyar: Band of Gypsys na Jimi Hendrix, Paranoid na Black Sabbath, Master of Puppets na Metallica, Roots na Sepultura, da Afrique Victime na Mdou Moctar. Kowanne yana amsa ɗaya daga cikin tuhume-tuhumen da ake yi.

Wai hayaniya ce kawai

Bahaushe ne zai ce kiɗa ya yi ƙara? Mu da muke busa kakaki a ƙofar sarki har sai ƙirji ya yi rawa, mu da algaita ke tsaga kunnenmu ranar hawan salla muna jin daɗi? Wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe lokacin da kalangu ya ɗau zafi, ko ya ga ƴan tauri sun ji kiɗansu tsuma ta tashi sun zaro wuƙaƙe, ya san cewa akwai kiɗan da aikinsa ya tayar da jini. Ba mu taɓa kiran wannan hauka ba. Mun san cewa a cikin ƙarar akwai tsari, kuma mai kunne yana jin abin da ganga ke cewa.

Metal a kan irin wannan tsarin aka gina shi. Ginshiƙin kowace waƙa shi ne ɗan gajeren kiɗa mai nauyi da jita ke maimaitawa, wanda da an buga shi ka san waƙar tun mawaƙi bai buɗe baki ba. Mu muna da sunan wannan abin tun kaka da kakanni: take. Yadda ɗan dambe ke jin takensa ya miƙe tsaye, haka mai sauraron Black Sabbath ke gane waƙar Iron Man daga bugun farko na jita. Sautin nan mai kaushi da ke ba wasu haushi kuma da gangan ake samar da shi. Ana ɗura wa na'urar ƙara sauti ƙarfin da ya wuce ƙimarta, sai muryar jita ta dushe, ta yi gurnani, ta kuma daɗe tana amo bayan an taɓa tsirkiya. Makaɗi yana sarrafa wannan gurnanin kamar yadda mai kalangu ke matsa tsirkiyoyi a hammata ya sa fata ta yi magana. Sai an yi shekaru ana koyo kafin a iya. Wanda bai iya jin Fulatanci ba, in ya ji Fulani suna hira zai ce surutu ne. Matsalar tana kunnensa.

Wai na Turawa ne

Wannan ita ce tuhumar da ta fi ba ni takaici, domin kyauta ce muke yi da kayan gidanmu. Rok daga kiɗan bulus ya fito, bulus kuwa kiɗan jikokin bayi ne da aka kwasa daga Afirka ta Yamma aka kai gonakin auduga na kudancin Amurka. Sister Rosetta Tharpe, baƙar mace, tana kaɗa jitar lantarki a gaban jama'a tun shekarun 1940. Chuck Berry da Little Richard, duka baƙaƙe, sun fitar da waƙoƙin da suka kafa rok a 1955. Waƙar Hound Dog da Elvis Presley ya yi suna da ita a 1956, Big Mama Thornton ce ta fara rera ta shekaru kafin shi. Ƙungiyar Rolling Stones daga wata waƙar Muddy Waters ta samo sunanta. Led Zeppelin kuwa sai da Willie Dixon ya kai su kotu a 1985 saboda sun ɗebi baitocinsa ba su ambace shi ba, aka sasanta, aka sa sunansa a kan waƙar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bayan duk wannan sai mu ma mu zo mu tabbatar wa gardi cewa kurar tasa ce?

Faifaina na farko shi ne amsar wannan magana. Jimi Hendrix, baƙin Ba'amurke, bahago, tsohon sojan laima, ya hau dandali a zauren Fillmore East na birnin Niyok a daren shiga shekarar 1970, watan da yaƙin basasar Najeriya ya ƙare. Tare da shi akwai Billy Cox mai jitar bas, abokinsa tun a bariki, da Buddy Miles mai ganguna. Su uku, duka baƙaƙe. Abin da aka naɗa a wasannin nan shi ya zama Band of Gypsys. A cikinsa akwai Machine Gun, waƙar da ta haura minti 12, wadda Hendrix ya sadaukar ga masu faɗa a titunan biranen Amurka da kuma sojojin da ke Biyetnam. Kalmomin waƙar kaɗan ne. Jita ce ke ba da labarin: ka ji ɓarin harsashi, ka ji jirgi ya sauko ya saki bam, ka ji kukan uwa, gangar Buddy Miles tana amsawa kamar bindiga mai sarrafa kanta. Duk wanda ya fito daga yankin da ya san ƙarar bindiga da dare, daga Diffa zuwa Tillaberi zuwa Zamfara, ba ya buƙatar tafinta. Hendrix ya rasu a Landan a watan Satumba na wannan shekarar yana da shekara 27, kuma har yau babu mai jitar metal da zai ce bai ci daga akushinsa ba.

Afirka ma ba ta tsaya kallo ba. A shekarun 1970 Legas tana da BLO da Ofege, Zambiya tana da WITCH, ƴan Ghana da abokansu na Karibiyan suna da Osibisa, wadda suka kafa a Landan a 1969. A yau Botswana tana da ƙungiyoyin metal irin su Overthrust da Skinflint. Wanda ya ce kiɗan nan na farar fata ne, tarihi ne bai karanta ba.

Wai na Shaiɗan ne

A nan ne ake kawo sunan Black Sabbath, domin sunan kaɗai ya isa ya firgita mutum. To, daga wani fim ɗin ban tsoro na 1963 suka aro shi, saboda sun lura mutane suna biyan kuɗi a sinima don a tsorata su. Samari huɗu ne ƴaƴan leburori daga unguwar Aston a birnin Barmingam na Ingila, garin hayaƙi da ƙarar injuna, suka haɗu a 1968. Mai jitarsu, Tony Iommi, yana ɗan shekara 17 injin datse ƙarfe ya gutsure masa kan yatsu biyu a masana'anta, a hannun da yake danna tsirkiya da shi. Maimakon ya haƙura, sai ya narka robar kwalbar sabulu ya yi wa yatsun hula, ya koma amfani da siraran tsirkiyoyi, daga baya ya sassauta ɗaurinsu don ya rage zafi. Sassautawar nan ta ƙara wa sautin kauri da duhu. Ashe nauyin da ake ji a metal yana da asali a hatsarin da ya sami yaro lebura a wurin aiki. Ina Shaiɗan a nan? Talauci na gani da naci.

Paranoid ya fito a watan Satumba na 1970. Waƙar da ta buɗe shi, War Pigs, zagi ce tsagwaronta ga janar-janar da ƴan siyasar da ke kunna wutar yaƙi su koma gefe, su tura ƴaƴan talakawa su mutu, kuma ta ƙare da ranar hisabi, inda azzaluman ke neman gafara ba su samu ba. Electric Funeral gargaɗi ce kan makamin nukiliya. Hand of Doom labarin sojojin da suka dawo daga Biyetnam ne suka faɗa allurar ƙwaya har ta kashe su. Mai rubuta yawancin baitocinsu, Geezer Butler, a gidan Katolika masu riƙo da addini ya tashi, kuma a faifansu na 1971, Master of Reality, akwai waƙar After Forever da ke kare imani da Allah kai tsaye. Sun ambaci Shaiɗan, tabbas. Mai wa'azi ma yana ambatonsa. Abin dubawa shi ne a wane gefe aka ajiye shi, kuma a Paranoid an ajiye shi ne tare da masu sayar da makamai.

Akwai kuma tatsuniyar da ake ta yaɗawa a WhatsApp, wai in an juya waƙoƙin nan baya za a ji saƙon ɓoye mai sa mutum ya halaka kansa. An gwada wannan magana a gaban alƙali. A 1990 aka gurfanar da ƙungiyar Judas Priest a birnin Reno na jihar Nevada kan irin wannan zargi, aka saurari masana sauti na ɓangarorin biyu, kotu ta wanke su. Maganar da ta faɗi a kotu fiye da shekara 30 da suka wuce, ita ce wasu ke tura mana yau kamar sabon labari.

Wai na ƴan ƙwaya ne

Mu da taramol da kodin da sholisho suka cinye mana samari, ya kamata a ce mun fi kowa fahimtar Master of Puppets. Metallica sun fitar da shi a watan Maris na 1986. Waƙar da faifan ya ci sunanta ta haura minti 8, kuma ƙwayar ce da kanta ke magana a ciki, tana yi wa mai shanta dariya, tana nuna masa cewa ita ke riƙe da zaren, shi ɗan tsana ne kawai da take juyawa. Kiɗan yana farawa da gudu kamar bugun zuciyar wanda ya sha ta yi masa karo, a tsakiya ya lafa ya yi daɗi kamar mayen farko, sannan ya dawo da mugun nauyi. Tsarin waƙar kansa shi ne tsarin jaraba. Ban san wata waƙa da ta kwatanta bautar da ƙwaya ke sa mutum kamar wannan ba, kuma ban ji ta yi wa ƙwaya talla ko da baiti ɗaya ba.

Sauran faifan ma a kan masu riƙe da zare yake. Disposable Heroes tana magana kan ƙaramin soja da aka raina shi don a jefa shi gaban bindiga. Leper Messiah tana fallasa masu wa'azin talabijin na Amurka da suka mai da addini kasuwa. Welcome Home tana shiga cikin kan mutumin da aka kulle a gidan mahaukata. Hoton bangon ya tattara komai: maƙabartar sojoji, kowane kabari da zare a ɗaure, wasu hannaye daga sama suna ja. Wanda ya ga hoton ya ce tsafi ne, ya ga amsa ya kasa karantawa. Mai jitar bas ɗinsu, Cliff Burton, ya mutu a hatsarin mota a Suwidin watanni shida bayan fitowar faifan. Daga baya babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa Master of Puppets cikin sautukan da ƙasar ke adanawa don tarihi, kuma shi ne faifan metal na farko da ya sami wannan matsayi.

Wai zai raba mu da al'adarmu

Sepultura ƴan Burazil ne, daga birnin Belo Horizonte. Ƴan'uwa biyu, Max da Igor Cavalera, suka kafa ta a 1984 suna yara matalauta, suna kwaikwayon ƙungiyoyin Amurka da Turai. Da suka girma sai suka waiwayi gida. A faifansu na 1993, Chaos A.D., sun yi waƙa kan kisan gidan yarin Carandiru, inda ƴan sandan Sao Paulo suka kashe fursunoni 111 a 1992. A 1996 suka fitar da Roots. Sun tafi har jihar Mato Grosso suka zauna da ƙabilar Shabante, ƴan asalin ƙasar, suka naɗi waƙa tare da su a ƙauyensu. Sun gayyato Carlinhos Brown, makaɗin Bahia, yankin da al'adun bayin Afirka suka fi kafuwa, ya shigo da gangunansa. Sun sa birimbau, kayan kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ƙwarya, wanda asalinsa Afirka ne. Abin da ya fito metal ne mai nauyin gaske, amma ba za ka taɓa ɗauka daga Ingila ya zo ba.

Darasin Roots a bayyane yake. Jitar lantarki tukunya ce, abin da ka zuba shi za ta dafa. Yaran Burazil sun shiga metal suna kwaikwayo, suka fito sun san kakanninsu fiye da yadda suka shiga. Mu da muke kukan al'ada, me muka yi da namu kayan kiɗan? Samari nawa ne a Maraɗi ko Kano ke koyon gurmi da garaya da goge a yau? Abin da ya kore su daga situdiyo fiyano ne da injin gyaran murya, da kiɗan Indiya da muka ara muka yafa har ya zama rigarmu. Metal bai taɓa korar kuntigi daga ko'ina ba.

Kiɗan ya dawo gida

Faifai na biyar ba daga nesa ya zo ba. Mdou Moctar Ba'abzine ne ɗan jihar Tawa, mazaunin Agadas. Iyalinsa ba su so ya yi kiɗa ba. Bayan ya ga Abdallah Oumbadougou yana wasa, sai ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Shi ma bahago ne kamar Hendrix da Iommi. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, da irin injin gyaran muryar da mawaƙan finafinan Hausa ke amfani da shi, kuma ta katin waya ya yaɗu daga hannu zuwa hannu har ya ƙetare Sahara. Wato mutumin da manyan mujallun kiɗa na duniya ke sa wa cikin gwanayen jita na wannan zamani, a situdiyon Hausawa ya fara.

Afrique Victime ya fito a watan Mayu na 2021. A cikinsa akwai addu'a, akwai soyayya mai sanyi irin Tala Tannam, akwai girmamawa ga Oumbadougou wanda ya rasu a 2020. Amma waƙar da faifan ya ci sunanta ita ce ƙashin bayansa. Tana tuhumar waɗanda suka mai da Afirka saniyar tatsa, tana kuma tuhumar mu da muka yi shiru. Tana farawa a hankali, kamar raƙumi ya miƙe, sai ganga ta riƙa ƙara sauri, ta ƙara, ta ƙara, har jita ta ɓarke da kuka na tsawon mintuna. Bugun gangar daga takamba da tande ya samo asali, kiɗan da ake yi a bukukuwan Abzin. Mai wannan kukan ya fito ne daga ƙasar da ake haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971, aka shafe shekaru ana haskaka biranen Faransa da shi, alhali ƙauyukan da ke kewaye suna kwana a duhu. A 2024 ya ƙara da Funeral for Justice, wato jana'izar adalci, inda ya kira Faransa da sunanta, ya kuma roƙi Abzinawa kada su bar harshen Tamashek ya mutu.

Ga Musulmi da rawaninsa a kan dandali, yana waƙa da harshen uwarsa, yana kare ƙasarsa, da sautin da kuke kira na shaiɗanu. Ba shi kaɗai ba ne. Bombino, ɗan yankin Agadas, wanda tawayen 1990 da na 2007 suka tura gudun hijira sau biyu, ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa a takarar kyautar Grammy, da faifansa Deran na 2018. Tinariwen na Mali sun ci kyautar a 2012. A Yamai akwai Tal National masu waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek a kan jita mai gudun tsiya. Abin kunyar shi ne da yawa daga cikinmu ba su san waɗannan sunaye ba sai da baƙi suka yaba. Ɗan gari kan ci gari, in ji masu magana, amma a nan baƙo ne ya nuna mana abin da ke bayan ɗakinmu.

Abin da ba zan kare ba

Ba na cewa duk abin da aka kira metal alheri ne. A Norwe, farkon shekarun 1990, wasu samari masu wani reshe na wannan kiɗa sun ƙona majami'u, ciki har da tsohuwar majami'ar katako ta Fantoft a 1992, kuma ɗaya daga cikinsu ya kashe abokin kiɗansa aka ɗaure shi. Akwai ƙungiyoyin da ke wa'azin fifikon farar fata. Akwai masu zagin addini don neman suna, akwai masu batsa. Giya ta kashe John Bonham na Led Zeppelin da Bon Scott na AC/DC a shekara ɗaya, 1980. Ozzy Osbourne na Black Sabbath ya shafe shekaru yana fama da shaye-shaye, kuma bai ɓoye ba. Ƙarar kanta tana lalata kunne in an matsa, kuma manyan makaɗan rok da yawa sun tsufa da raunin ji. Duk wannan gaskiya ne, kuma uban da ya tambayi ɗansa me yake saurara ya yi daidai.

Amma a auna da mudu ɗaya. Wane irin kiɗa ne ba shi da ɓatattu? Ba mu da waƙoƙin batsa da Hausa da yara ke haddacewa a TikTok? Ba mu da waƙoƙin da ke zuga ƴan daba lokacin zaɓe? Ba wanda ya ce a jefar da kalangu saboda an kaɗa shi a gidan magajiya. Wake ɗaya ke ɓata gari, haka ne, amma mai hankali tsince waken yake yi tun kafin a kai niƙa, ba ya zubar da buhun.

Mu dubi namu

Yabon manya tsohon abu ne a waƙar Hausa, kuma ba na raina shi. Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙoƙin da har yau ake nazarinsu a jami'o'i. Amma makaɗan da suna da zambo da habaici a aljihu, kuma mai mulki yana shakkar bakinsu. Shata yana iya ɗaga mutum, yana iya kayar da shi. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya tsaya ya yi wa karen mota waƙa, mutumin da ba shi da abin ba shi. Wannan ita ce jijiyar da nake ji a War Pigs da Afrique Victime: makaɗi ya dubi mai ƙarfi ido da ido, ko ya sunkuya ya ɗauki wanda aka taka.

Yau fa? Lokacin zaɓe ya zo, kiɗa ɗaya ne a kwamfuta, suna kawai ake canjawa. Wanda aka kira gwarzo bana, baɗi in bai biya ba ya zama ɓarawo, wanda aka zaga ya zama gwarzo. Ana sace mutane a hanya, ana tashin ƙauyuka, buhun hatsi ya gagari magidanci, amma waƙar da ta cika gari ita ce ta mai girma ya yi titi. Akwai mawaƙan da ke ƙoƙari, musamman cikin matasa masu hip-hop a Nijar da Najeriya, kuma sun san abin da suke fuskanta. Sai dai su ne ƴan tsiraru. A irin wannan hali, mutum ya tashi ya ce matsalar tarbiyyarmu ita ce yaron da ke sauraron Metallica a ɗakinsa? An bar jaki ana dukan taiki.

Ga abin da nake nema. Ga masu zagi: ku ɗauki ɗaya daga cikin faya-fayan nan biyar, ku zauna ku saurare shi daga waƙar farko zuwa ta ƙarshe, yadda masu shi suka jera shi, domin faifai kamar littafi ne, ba a yi masa hukunci da shafi ɗaya. Ku nemi fassarar baitocin. In Turanci ya yi nisa, ku fara da Mdou Moctar, maƙwabcinku ne, kuma akwai mai jin Tamashek a kowace kasuwa. In kun gama kuka ce bai yi muku daɗi ba, babu laifi, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma ku zo da hujja daga cikin faifan, ku bar hoton bango.

Ga samari masu hannu kuma: gurmi da garaya da kuntigi da goge suna nan, ba su mutu ba, jira suke. Abzinawa sun ɗauki takamba sun sa mata lantarki, duniya ta miƙe tsaye. Ƴan Burazil sun yi haka da gangunan Bahia. Kiɗan tauri da na dambe da na farauta suna da nauyin da zai girgiza kowane dandali a duniya, kuma muna da abin faɗa da ya fi ƙarfin fiyano. Wanda zai fara haɗa kalangu da jita mai gurnani ya faɗi abin da ke damun talakan Damagaram da na Gusau, za a zage shi, za a kira shi ɗan shaiɗan kamar yadda aka kira waɗanda suka gabace shi. Ya daure. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a shari'ar kiɗa ji ne ke korar gani.